Kututturen Kiryar da Na Jawo wa Kaka

Makon jiya ɗana Ishaku ya ture kwanon shinkafa saboda wani mutum da ba a taɓa haifa ba, zana shi kawai aka yi. Wai masu rubuta komik ɗin, wato labarin zane, da yake bi a waya sun juya labari, jarumin da ya shekara uku yana ƙauna sun mayar da shi wani abu dabam. Shi da abokansa sun rabu gida biyu, waɗansu na cewa sabon labarin ya fi, waɗansu na cewa a nemo marubucin a zane masa jiki. Babansa ya yi ta dariya. Ni ban yi ba. Na san wannan zafin, don a kansa na kusa ƙone rumbun mutane ina 'yar shekara goma sha ɗaya.

A lokacin muna Zuru, gidan Kaka, uwar babanmu. Baba soja ne, shi da Mama suna bariki a Kaduna, mu kuma aka bar mu a gida saboda makaranta. Mu uku ne: Yaya Ayuba, babban wanmu, sai ni Rifkatu, sai Bitrus ɗan ƙanen Baba, wanda muke sa'anni kuma ba ma wuni ba mu yi faɗa ba. Da an gama tuwo, rana ta faɗa bayan dutse, Kaka za ta jawo kujerarta 'yar tsugune bakin murhun tsakar gida, ta tura gyaɗa cikin toka, ta ce, "Ga wuta, ga kunne. Wa ya kawo itace?"

Wannan tambayar ba ta ado ba ce. Kaka tana da doka biyu, kuma ban taɓa jin su a wani gida ba. Ta farko, wanda ya kawo itacen hira shi ke da labari: in ya ce kura ta mutu, to sai ta mutu, in ya ce ta auri sarki, Kaka za ta san yadda ta yi ta aurar da ita. Ta biyu, labari ba ya ƙarewa sai itacen ya cinye. Shi ya sa in barci muke ji mukan kawo mata karan dawa, kafin gyaɗa ta gasu ta ce, "Itace ya cinye, bakina ya rufe," kowa ya kama gabansa.

Komik kuwa Baba ne yake turo mana. Duk sojan da zai zo gida hutu sai ya ba shi ƙunshin sabulu da sukari, a ciki ya cusa littafi ɗaya ko biyu da ya tsinto wajen masu tsofaffin littattafai. Yaya Ayuba ke karanta Turancin yana juya mana da Hausa. Sunayen mutanen ciki sun fi ƙarfin bakinmu, sai muka raɗa musu namu. Jarumin, mai tashi sama yana kiran iska, muka sa masa Ɗan Guguwa. Mugun, mai hular ƙarfe da ƙaho biyu, Mai Ƙaho. Tun a littafin farko Mai Ƙaho ya jeho ƙanen jarumin daga kan gada, yaron ya gurgunce, muka sa masa Auta. Daga nan Ɗan Guguwa ya rantse sai ya rama, littafi tara yana farautar mugun nan, mu kuma muna biye da shi kamar mun haɗa uwa.

Sai abin ya fito daga takarda ya shigo gidanmu.

Bayan girbi aka yi kokawa a Dabai. Yaya Ayuba yana da shekara goma sha tara, saura mako uku ya tafi Birnin Kebbi wajen ɗaukar soja. Tun yana yaro yake fareti da taɓarya a kafaɗa, duk unguwa Kofur ake ce masa. Aka haɗa shi da wani Dogo na unguwar gangare, wanda shi ma sojan yake nema. Ina tsaye a wurin, da idona na gani. Yaya ya ɗaga shi ya nana da ƙasa, makaɗa har sun sauya kiɗa, mata sun fara guɗa, Yaya ya juya baya ya ɗaga hannu. Dogo ya kamo ƙafarsa daga kwance ya murɗe, ya faɗa kan gwiwar da duk nauyinsa. Ƙarar da ƙashin nan ya yi har yau in aka karya rake kusa da ni sai na runtse ido. Dattawa suka ce zafin wasa ne. Zafin wasan uwar wa? An riga an kada shi!

Maɗori ya ɗaure ƙafar da tsinke da tsumma, ya ce safe da yamma a gasa ta da ruwan ɗumi a shafa man kaɗanya a cinya da sawu, kada ta sandare. Hannun Kaka yana rawa, don haka aikin ya faɗo kaina. Ni ke kai masa ruwan sha, ni ke jawo tabarmarsa bakin wuta da yamma. Ranar ɗaukar soja ta zo ta wuce yana kwance yana kallon rufin ɗaki. Dogo ya tafi, aka kuma ɗauke shi. Ba shi ba, ba ubansa ba, babu wanda ya tako gidanmu ya ce sannu.

Cikin wannan hali littafi na goma ya iso. Na yi tsalle, na ce yau Mai Ƙaho zai ci ubansa. Muka kewaye Yaya, ya fara karantawa, sai muryarsa ta riƙa yin ƙasa. Ashe waɗansu halittu ne suka sauko daga sama za su cinye duniya, Ɗan Guguwa da Mai Ƙaho suka sha hannu, suka zama abokan yaƙi. A shafin ƙarshe har dariya suke yi tare. Na ƙwace littafin na bi shi shafi shafi ina neman Auta. Babu shi. Ko keken guragunsa ba su zana a lungu ba.

"Ƙarya ne!" na ce. "Wallahi ƙarya suke yi! Littafi tara muna jira, sai su zo su ce mana an shirya?"

Bitrus ya ce shi dai wannan ya fi masa daɗi, ƙarfi biyu ya haɗu, yanzu wa zai iya da su? Na ce ai dama kai ba ka da zuciya, wanda ya mare ka da safe da rana kana bin sa yana ba ka ƙanzo. Ya ce labarin nasu ne, su suka ƙirƙiro shi, in sun ga dama su aurar da Mai Ƙaho ga Ɗan Guguwa ma. Na ce daga ranar da muka fara jiran sa ya zama namu. Na ɗaga littafin zan jefa a wuta, Kaka ta cafke hannuna.

Ta karɓa ta riƙe shi a kife, don ba ta karatu, ta daɗe tana duban zanen. "Waɗannan biyun ne?" Na ce su ne. "Wanda aka karya fa?" Na ce sun manta da shi. Ta yi tsaki mai tsawo, ta faɗi wata kalma da yarenmu na C'lela wadda ba a faɗa gaban fasto. Kada wani ya ɗauka Kaka waliyyiya ce. Tun ranar kokawar nan, in ta hangi uban Dogo a kasuwa sai ta tofar da yawu ta sauya layi.

"To, Barkono," ta ce, don haka take kira na, "kuka ba ya gyara labari a gidan nan. Kin san doka. Kawo itace."

Washegari ban tsaya wasa ba. A bakin gonarmu akwai wani guntun kututturen kirya da Baba ya sare ya bari shekarun baya. Kowa ya san kirya, da ita maƙera ke yin gawayi, in ta kama wuta ba ta gaggawa. Ita nake so, don ban son azabar Mai Ƙaho ta ƙare da wuri. Na ɗaura mata igiyar akuya na jawo ta tun azahar, Bitrus na bina yana tsokana ba ya taimako. Kafin in iso gida tafin hannuna ya saɓule. Kaka ta dubi kututturen, ta dube ni, ta ce, "Wannan kika zaɓa?" Na ce shi. Ta ce to, ta yi wani ɗan murmushi da ban gane ba sai daga baya.

Daren farko ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Kaka ta sauko da Ɗan Guguwa daga garin Turawa ta ajiye shi kan duwatsunmu, ta ba shi tuwon dawa da miyar kuka ya ci ya ƙoshi, ta ce mai fama da yunwa ba ya rama komai. Ta sa ya bi sawun Mai Ƙaho ta Dabai har hanyar Sakaba, ya tarar da shi a kasuwa yana cika baki. "Mai itace, mi za a yi mishi?" Na ce a karya ƙafa biyu, a hankali, gaban jama'a. Kaka ta ɗauki karan dawa ta karya kusa da kunnena, ƙas! Ta sake ɗaukar wani, ƙas! Ta kwaikwayi kukansa yana kiran uwarsa har Bitrus ya faɗi don dariya. Zuciyata ta yi sanyi kamar na sha ruwan randa. Na miƙe na ce shi ke nan, a rufe.

Kaka ta nuna murhu da baki. Kututturen ko kwata bai ci ba, gefe ɗaya ne kawai ya yi ja. "Bakina a buɗe yake," ta ce. "Sai gobe."

Dare na biyu ta tambaye ni me ya biyo baya. Ni ban shirya wa wani baya ba, a tunanina daga an karya mugu sai a tashi. Amma tunda an tambaye ni, na faɗi abin da ke raina: a ƙone rumbun gidansu. Kaka ba ta yi gardama ba. Ta ba Ɗan Guguwa garwashi a fasasshen kasko, ya je ya cusa a jinkar rumbu. Sai dai ta tuna mana cewa shi mutumin iska ne, duk inda ya je iska na biye da shi. Wuta ta ci rumbun, ta tsallaka ɗakin tsohuwar maƙwabciya, ta kama garken awaki. Da safe uwar Mai Ƙaho na tsugune cikin toka tana tsintar ƙonanniyar dawa a zaninta.

"Ta ci tokar!" na ce.

Bitrus ya miƙe tsaye, hancinsa na hurawa. "Wannan ba Ɗan Guguwa ba ne! A littafi na huɗu har kare ya fitar daga gobara. Ke kin fi Turawan ɓata shi, Rifkatu. Su abokin mugu suka mayar da shi, ke kin mayar da shi mugun kansa."

"Kai ka jawo itacen?" na ce masa.

"Kaka, ki gaya mata mana!"

"Ni bakin haya ce," in ji Kaka tana ɓare gyaɗa. "Mai itace ke tuƙi."

Ita wataƙila tsoro take son ba ni da wannan gobara. Ni kuwa dabara na ɗauka. Rumbun uban Dogo yana bayan gidansu, daf da hanyar rafi, jinkarsa ta bushe ƙayau. Kwana biyun nan dama can nake wuni da tulu a kai kamar mai ɗebo ruwa, ina lura da lokacin da gidan ke zama ba kowa. Na gano in matan sun tafi majami'a koyon waƙa da yamma, kare kaɗai ake bari. Na samo fasasshen kasko na ɓoye bayan dutsen niƙa. Na yanke cewa rana ta uku, da Kaka ta aike ni in rufe awaki, zan ɗebi garwashin kiryata in tafi. Ba wasan yara nake yi ba. Da gaske nake, kuma ko a yau ba zan ce ban san abin da nake yi ba.

Rana ta uku muka taru tun da sauran haske. Yaya Ayuba na kan tabarmarsa. Ban lura ba a lokacin cewa ba ni na jawo masa ita ba. Kaka ta hura wuta, kututturen ya kama, da sauran fiye da rabinsa.

"Mai itace, an karya, an ƙone. Mi ya rage?"

Na ce a kashe shi. Idona na kan dutsen niƙa.

Sai ga muryar Yaya daga kan tabarma, a hankali, kamar mai tambayar farashin gishiri.

"Kaka, Auta fa? Ya ci abinci?"

Kaka ba ta dube shi ba, ni ta duba. "Tambayi mai itace."

Dare uku labarin na hannuna, ni da na kusa ƙone littafi don an manta da Auta, ko sau ɗaya ban ambaci sunansa ba.

"Tunda mai itace ba ta sani ba, bari in duba," in ji Kaka. Ta kare ido da hannu kamar mai hangen nesa. "Ga shi can. Wansa ya kwana uku yana yawon rama mishi. Ƙishirwa ta kama shi da rana, ya kira, ba kowa. Ya ja gindi daga ɗaki har bakin randa, ɗaurin ƙafarsa ya kwance, ya ɗaure abinsa da kansa. Ƙafar ta kumbura don ba a gasa ta ba. Tsohuwar gidan ta gwada, ruwan ya zube mata, hannunta rawa yake."

A nan na juya na dubi ƙafar Yaya. Ta yi suntum, tsumman ya yi ƙasa-ƙasa, an ɗaure shi a karkace. Gwiwar hannunsa duk ta goge da jan jiki. Kwana uku ban ɗora masa ruwa ba, ban taɓa kwalbar man kaɗanya ba. Kunya ta rufe ni, ta haɗu da haushi, na fashe da kuka ina cewa ai dominsa nake yi, dominsa ne duka.

"Na sani, Rifka," ya ce. "Amma ko kin ƙone Zuru gaba ɗaya ba za su ɗauke ni soja ba. Ƙafar ce ke mini zugi."

Kaka ta tashi da ƙyar, ta taka har bayan dutsen niƙa, ta ɗauko kaskona kamar ita ta ajiye shi. Ban san tun yaushe ta gani ba. Ta cika shi da garwashin kirya da hannunta, ta miƙo mini. Ƙofar gida na buɗe, hanyar rafi na nan, daga nesa ana jiyo matan majami'a sun fara waƙa.

"Ga wutarki," ta ce. "Ba ni riƙe ki, ba ni da ƙafar bin ki. Rumbu na gangare, tukunyar ruwan yayanki na ɗaki. Kasko ɗaya ne."

Na daɗe a tsaye har kaskon ya fara ƙona mini yatsu. Ina so in ce tausayin uwar Dogo ne ya hana ni, amma ƙarya zan yi, ko ɗigo ban ji ba. Kumburin ƙafar nan ne kawai ya fi kusa da idona. Na shiga ɗaki na ɗora ruwa. Ina gasa masa yana cije leɓe, hawayena na ɗiga cikin kwano, Bitrus na riƙe da fitila bai tsokane ni ba.

Da na fito na tarar Kaka ta janye kututturen daga murhu ta kwara masa ruwa, yana ta huci. Na ce ai bai cinye ba. Ta ce ta sani. "Itace bai cinye ba, bakina bai rufe ba. Naki ne. Ran da kika san abin da ya biyo, ki kawo shi mu ƙarasa." Ban taɓa kai mata shi ba, har ta rasu ina aji uku a sakandare.

Yanzu Yaya Ayuba yana gyaran babura kusa da tasha, yana ɗingishi, in damina ta yi sanyi gwiwar na hana shi barci. Dogo ya yi ritaya da igiya uku, ya gina gida mai jan kwano, yana tafiya da ƙafafunsa biyu lafiya lau. Har yau bai ce sannu ba. In ya kawo babur Yaya na gyara masa, har su yi hirar ƙwallo, abin da ke sa ni in ji kamar in haɗiye harshena. Ni in na hango shi sai in tsallaka titi. Fasto ya yi mini wa'azi a kan haka ya gaji. Ban yafe ba, ba na kuma jin zan yafe.

Marubutan komik ɗin nan ma ban yafe musu ba, sai dai laifin da nake tuhumarsu da shi ya sauya. Da ina cewa laifinsu shi ne sun hana a rama. Yanzu na san su sha hannu ko su kashe juna, wannan ruwansu. Abin da ba na yafewa shi ne shafe Auta, don labarin ya fi sauƙin ja in babu gurgu a ciki. Na san daɗin wannan sauƙin, ni ma na yi dare uku ina shan sa.

Shi ya sa da Ishaku ya gama zage-zagensa ban ce masa labarin ƙarya ne ba, ban ce ya yi haƙuri ba. Na mayar masa da kwanonsa na ce ya ci tukuna, sannan na tambaye shi wa aka bari a baya a sabon labarin. Ya yi tunani, ya ce akwai wata ƙanwar jarumin da ba a sake nunawa ba. Na ce to a kanta za ka yi faɗan. Na kuma ce gobe Asabar ya je tasha ya taya kawunsa ɗaga inji, don gwiwar ta motsa.

Kututturen yana nan a kicin ɗina, bayan buhun gawayi, gefe ɗaya baƙi ƙirin. Sau uku muna sauya gida ina ɗauke da shi, maigidana ya gaji da tambaya. Duk ranar da na haɗu da Dogo a hanya nakan shiga in tsaya a kan kututturen, ashana na nan kan kantar kicin. Sai in ɗauki waya in kira Yaya in tambaye shi ko ya ci abinci.